Kwana goma a jirgin katako a Raja Ampat, da ranar da na ɓoye gaskiyar iskata

A tsibirin Tioman na Malesiya na koyi nitso, lokacin da nake karatu a ƙasar. Na yi nitso talatin da 'yan kai kafin na iya tara kuɗin zuwa Raja Ampat, can ƙuryar gabashin Indunusiya. Jirgin dare daga Jakarta ya sauke mu a Sorong da sassafe, a watan Nuwamba, kafin azahar kuwa muna cikin jirgin ruwan da zai zama gidanmu na kwana goma. A ciki za a ci, a kwana, a sauka ruwa, a dawo.

Jirgin irin wanda ake kira pinisi ne, na katako, aikin masassaƙan Bulukumba da ke kudancin Sulawesi. Sana'ar tasu UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2017. Mu masu nitso goma sha biyu ne, ma'aikatan sun ɗan fi mu yawa, kuma galibinsu Musulmi ne 'yan Sulawesi. Da su nake salla a bayan jirgi. Abin da ya daɗe bai zauna mini ba shi ne alƙibla: mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas", a can yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Jirgin kuma yana juyawa a kan angarsa, don haka kowace salla sai mai dafa abinci ya duba kamfas ɗin wayarsa ya gyara mana tabarma.

Raja Ampat na nufin Sarakuna Huɗu, wato manyan tsibirai huɗu: Waigeo, Batanta, Salawati da Misool, da ƙanana sama da 1,500 a kewaye. Nau'in murjanin da ke wurin ya haura 500, kusan kashi uku cikin huɗu na duk wanda aka sani a duniya. A wani wuri da ake kira Cape Kri, masanin kifaye Gerald Allen ya ƙirga nau'i 374 a nitso ɗaya tak a 2012. Na karanta wannan tun kafin na zo, amma karatu daban, gani daban. Kifaye sukan taru har su tare maka hasken rana.

Abin da ke tara su shi ne ƙarfin gudun ruwa. Mashigin Dampier yana kwararo abinci daga wannan teku zuwa wancan, kuma ruwan da ke ciyar da kifi shi ne ke gajiyar da mutum. A rana ta uku muka shiga Cape Kri. Tukunyar iskar da mai nitso ke goyawa ana cika ta zuwa "bar" 200, wato ma'aunin matsin iskar da ke ciki. A zurfin mita 10 nauyin ruwa yana ninka na sarari sau biyu, a mita 20 sau uku, don haka numfashi ɗaya a can ƙasa yana cin iskar numfashi uku na sama. Ga shi ina kokawa da ruwa maimakon in maƙale ƙugiyata a dutse in kwanta kamar sauran. Jagoranmu, wani ɗan Papua mai ƙarancin magana, ya juyo ya tambayi kowa iskarsa da hannu. Agogon da ke auna iskata yana nuna 70. Na ɗaga hannu na yi masa alamar rabi, wato 100.

Kunya ce ta sa ni. Ni kaɗai ne baƙo a cikinsu a harkar, kowa ya biya kuɗi mai yawa ya zo daga nesa, ga garken kifin barakuda a gabanmu. Na ga kamar rashin kara ne in katse wa mutum huɗu jin daɗinsu. A gida an rene mu a kan haka: ka danne damuwarka, kada ka ɗora wa jama'a. Tarbiyya ce mai kyau, har gobe ina alfahari da ita, amma ba a shiga da ita ƙarƙashin ruwa.

Bayan 'yan mintuna allurar ta sauka ƙasa da 30, muna mita 18. Ban san me ya gani a jikina ba, wataƙila yawan kumfar da nake fitarwa. Sai dai na ji ya kama agogon ya duba da kansa, ya miƙo mini bututun numfashinsa na biyu, mai ruwan ɗorawa, ya riƙe ni a kafaɗa. Muka tashi a hankali, don in aka yi sauri iskar naitirojin da ta narke a jini takan yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, ta kama gaɓoɓi ko laka. A mita 5 muka tsaya minti uku cur. Ya hura balan-balan ɗinsa mai launin lemo ya sake shi sama don ƙaramin kwale-kwale ya gan mu, saboda ruwa ya riga ya ja mu nesa da inda muka shiga.

Bai ce mini komai a gaban mutane ba. Sai da yamma ya same ni ni kaɗai, ya ce: "Pak (wato Malam), da ka ce 70, da mun hau tare lafiya lau, babu wanda zai ji haushi. Da ka ce 100, lissafin mutum biyar na gina a kan maganarka." Ya nuna mini taswira, ya ce in duba inda muke da inda asibiti mai ɗakin matsin iska, wanda ake jinyar masu ciwon kumfar naitirojin a cikinsa, yake. Nan ne bambancin nitso daga otal da nitso daga jirgin da ya yi nisa da gari. Kuskure iri ɗaya ne, amma a nan ba motar asibiti, wayar ma sai an dace da sabis.

Daga nan muka yi tafiyar dare guda zuwa Misool. Rana ta bakwai na tashi da kunnen hagu a toshe, na hura hanci ya ƙi buɗewa. Ranar kuwa za a je Magic Mountain, tudun ƙarƙashin ruwa inda manyan kifayen manta ke zuwa ƙananan kifaye su tsince musu ƙwarin jiki. Rabin dalilin tafiyata wurin nan ne. Na je na faɗa wa jagoran da bakina cewa ba zan sauka ba. Suka dawo suna ba da labarin manta uku da suka yi ta shawagi a kansu. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu ma in na tuna. Kunnen ya saki bayan kwana biyu, amma jirgi ya riga ya bar wajen.

Ranar ƙarshe ba a nitso, don ana so a bar kimanin awa 24 kafin a hau jirgin sama. Muka sauka wani ƙauyen masunta mai gidaje a kan turaku da ƙaramin masallaci. Wani dattijo ya yi mana bayanin sasi, al'adar da gari ke hana taɓa wani yankin teku na tsawon watanni ko fiye, har abin da ke ciki ya hayayyafa, sannan a buɗe a kwasa na 'yan kwanaki. Ya nuna mana alamar ganyen kwakwa da aka kafa a bakin ruwa. Yankin yana rufe a lokacin. Muka yi la'asar da su, sannan kwale-kwale ya mayar da mu jirgi, aka ɗaga anga zuwa Sorong.