TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Farar riga ɗaya

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda Baffa ya sauke ni a ƙofar makaranta da akwatin ƙarfe da ƙunshin garin kwaki da ƙuliƙulin Inna. Masu tambayar sunan makarantar ku yi haƙuri, mutanen suna raye, wasu ma muna haɗuwa wajen ɗaurin aure.

1984 ke nan, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai 1987 aka ba mu tamu. A watan Maris na shekarar gwamnatin Buhari da Idiagbon ta fito da WAI, yaƙi da rashin ɗa'a, shi kuma furinsifal ɗinmu ya ɗauki abin kamar shi kaɗai aka aiko wa takarda. Kullum a asambuli sai ya tuna mana cewa a garin nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta zama Barewa, nan su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wai kuma ba su taɓa shiga aji da riga a yamutse ba, sai ka ce yana wurin.

Takardar shiga ta ce yunifom biyu: farar riga mai gajeren hannu, gajeren wando ga mu 'yan fom wan, dogo na siniyoyi ne, sandal ruwan ƙasa, sai farin kaftani da hula na Juma'a. Guda ɗaya kawai Baffa ya iya ɗinka min, don fari da ciwon shanun 1983 sun gama da mu. Da zai tafi ya ce, "Riga ɗaya ba abin kunya ba ce, dauɗa ce abin kunya." Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. In an tashi daga aji na wanke ta da sabulun soda, na tsoma a bula, in ta sha iska na roƙi gugar gawayi, in ban samu ba na ninke ta na sa ƙarƙashin katifa na kwana a kai. Har makogwaron rigar ya fara cinyewa amma wallahi babu wanda ya taɓa ganin ɗigon miya a jikinta.

To ga leba firifet, wato siniyan da ke kula da aikace-aikacen tsaftar makaranta. Wani dogo ne, har yau in na ji ƙarar langalanga shi nake tunawa. Daren wata Juma'a ya tara min kayansa da na abokansa in wanke, ban samu wanke tawa ba sai bayan an kashe fitila, ga damina. Da safe aka fito insfekshon na Asabar, ana duba farce da aski da shimfiɗar gado, na tsaya da rigata jiƙe tana manne a baya. Shi da bakinsa ya kira ni ƙazami gaban hostal gaba ɗaya, ya sa ni tsallen kwaɗo daga nan har dainin, sannan yankan ciyawa a bayan filin fayis. A layin da nake akwai ɗan wani babban mutum sanye da takalmi sau-ciki baƙi, wanda doka ta hana, ya wuce shi ko kallo bai yi ba. Dauɗa ce abin kunya, in ji Baffa. Ni ban yi dauɗa ba.

Wannan leba firifet ɗin, bayan shekaru, ina zaune a shagona ya shigo da furfura yana neman a ɗaga masa kuɗin yadin yunifom na yaransa zuwa ƙarshen wata. Na ba shi. Bai gane ni ba, ni kuma ban tuna masa ba, amma sai da na bar shi ya gama dogon bayaninsa a tsaye.

Ba zan ci haƙƙin makarantar ba dai. Hausmastanmu, Allah Ya jiƙansa, shi ke tashinmu asuba da kansa, daren Alhamis kuma ya zauna da mu a taron MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a yi wa'azi da musabaƙa, daga nan ya tambayi wa ba shi da lafiya, wa ba a zo wa bizitin ba. Shi ya lura da abin da ya faru. Bai yi wa firifet magana a gabanmu ba, wanda har yanzu ina ganin ya kamata ya yi, sai bayan kwana biyu ya kira ni gidansa wai in ɗebo ruwa, matarsa ta miƙo min riga a leda ta ce ta ƙaninta ce ta yi masa kaɗan. Sabuwa ce fil, ga alamar allin tela ma bai goge ba.

Da na je hutu Baffa ya ga riga biyu a akwati, sai da na rantse masa ba ɗauka na yi ba. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin boren gabza da ya sa aka kore mu gida duka makarantar.