Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Maki 156

A makon jiya na tsaya a inda sakamakon LSAT ɗina, wato jarrabawar neman shiga karatun lauya a Amurka, na watan Oktoba ya fito. Na ci 156. Makin jarrabawar daga 120 yake farawa ya tsaya a 180, don haka ban faɗi ba, amma ban kai inda na sa rai ba, har na fara tunanin sake zaman jarrabawar a Janairu. Jami'ar da zuciyata ke so, rabin ɗaliban da ta ɗauka a shekarar da ta gabata sun haura 160.

A Amurka sai kana da digirin farko kake shiga karatun lauya, ka yi shekara 3. Ana buɗe karɓar takardu tun Satumba, kuma ba a jiran kowa ya gama turawa. Duk wanda takardunsa suka iso a duba, a ba shi gurbi ko a hana, kuɗin tallafi kuma na ta raguwa. Wannan ne hujjar Kawuna, wanda nake zaune a gidansa a Baltimore. Bayan sallar isha'i ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai ɗan nan, da sanyin safiya ake kama fara. Tura takardunka yanzu. Ka jira Janairu, wasu sun cinye guraben."

Na ce, "Kawu, gaskiya ne, amma a bar ni in yi lissafi tukuna."

Lissafin ya fi ƙarfin gurbi. Digirina na kimiyyar siyasa daga ABU Zariya yake, kuma LSAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ba ta mayar da sakamakon jami'o'in waje zuwa irin makin da ɗaliban Amurka ke zuwa da shi. Kalma ɗaya ake rubuta maka, ko ka yi fice, ko ka fi matsakaici, ko matsakaici ne kai, ko ƙasa da matsakaici. Wato lambar da za a iya gwada ni da ita da sauran jama'a guda ɗaya ce tak, wannan 156 ɗin. Kuma da ita ake yanke yawan rangwamen kuɗin makaranta. Maki huɗu ko biyar na iya zama bambancin dubban daloli a kowace shekara.

Da na kira Umma ban ma yi mata bayanin maki ba, kuɗin na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Bashin nan da kake faɗa, da ruwa ake biyansa?" Na ce da ruwa ne, Umma. Ta ce, "To ka nemi hanyar da za ka rage shi, ko da shekara za ka ƙara. Ba mu rene ka da riba ba." Har yau ina ganin ta fi kowa gane maganar. Mutane suna ɗauka sake jarrabawa son burga ne, a ce wane ya ci kaza. Ni a wurina tambayar ita ce nawa zan ranta, kuma shekara nawa zan yi ina biya.

Abin da ya rage tsorona shi ne, ko da yake makarantu suna ganin makin da ka ci a zaman baya, mafi girma suke kai wa ƙungiyar lauyoyin Amurka a rahotonsu, shi suka fi dubawa. Ana kuma iya zama har sau 7 a rayuwa. Sai na ɗauko gwaje-gwajen da na yi a gida na baje su a kan kafet. Kusan duka sun fi 156. Inda nake zubar da maki a fili yake: sashen karanta dogayen nassoshi, minti 35 su ƙare ina kan nassi na uku cikin huɗu. Da a ce gwaje-gwajen gida ma nan suka tsaya, wallahi da na bi maganar Kawu.

A daren na biya kuɗin zaman Janairu, fiye da dala 200, albashin kwanaki ke nan a wurin da nake lodin kaya. Na kuma tura takarduna zuwa jami'o'in da makina ya riga ya isa, sauran na roƙe su su dakata sai sabon sakamako. Kawu bai ji daɗi ba, amma ya ce Allah ya sa shi ne mafi alheri, ya kuma bar mini ɗakin ƙasa in riƙa karatu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na haɗa karatun da aikin dare a cikin sanyin Disamba.