Takardar wata uku da na shiga intabiyu da ita

Sau uku ina zuwa intabiyu bayan na gama bautar ƙasa, kowane karo da "za mu neme ka" ake sallamata. A karo na huɗu wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a Kano, sabulu da taliya da man gyaɗa, ya kira ni kan aikin kula da masu kai kaya shaguna. Kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin banki, ya ce kada na sake zuwa hannu rabbana. In rubuta abin da zan yi a watanni ukun farko idan aka ɗauke ni, in tafi da shi.

Na farkon da na rubuta, daga intanet na kwaso shi. Da na kai wa Kawu, ya karanta ya miƙo mini, ya ce wannan takardar ko asibiti na kai ta za ta shiga, ko makarantar firamare. Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Sai na ɗauki kwana uku ina yini a Kasuwar Singa, inda ake sarin kayan masarufi a Kano. Ban ce wa kowa aiki nake nema ba. Na zauna a shagon wani abokin yayana, na sha shayi da 'yan dako, na yi ta tambaya. A nan na gane cewa mai shago bai damu da tallan rediyo ba. Damuwarsa ita ce kwana nawa za a ɗaga masa kafin ya biya, kuma idan ya ce a kawo kaya Talata, Talatar za su iso? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye riba, wanda ya saba ɗaukar katan biyar ya koma ɗaya ko biyu. Ga kuma tiransifa da ta zama ruwan dare tun ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, ta zo da nata ciwon kan: yaron mota ya sauke kaya, a nuna masa alat a waya, a koma ofis a tarar ba kuɗi.

Shafi ɗaya na rubuta. Watan farko ba zan canza komai ba, zan riƙa bin motar kai kaya kullum har in san kowane kwastoma da sunansa. Wata na biyu in zauna in gyara littafin bashi, in ware masu biya a kan lokaci daga masu sai an bi su. Wata na uku in gwada kai kaya Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwarsu ke ci. Daga ƙasa kuma, don burgewa, na ƙara cewa zan ɗaga ciniki da kashi 30 cikin ɗari.

Ranar intabiyun, mutum uku ne suka zauna da ni. Da na miƙa takardar, yanayin ɗakin ya sauya. Hajiyar da ke tsakiya ta ajiye takardun makarantata gefe, muka shiga zancen alat na bogi kamar dama tare muke aiki. Sai manajan ya sa biro a layin ƙarshe.

"Malam, kashi talatin daga nawa?"

Na yi shiru, don ban san cinikinsu na wata ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan layin zumuɗi ne, a soke shi." Suka yi dariya, shi ma ya soke. Na ukunsu kuwa bai yi dariya ba. Ashe shi ke riƙe da littafin bashin, ni kuma na rubuta "gyara" a gabansa, kamar na ce ya ɓata. Da "duba" na sa, da an wuce wurin. An ɗauke ni aikin, amma sai da muka yi wata biyu a ofis ɗaya kafin ya saki jiki da ni.

Wudil ɗin ma ban je ba sai a wata na biyar, domin azumi ya shigo a tsakani, motocinmu duka suka koma jigilar taliya da man gyaɗa a cikin gari.