Sanyin Jos da akori-kurata: kuɗin da na ƙona kafin na gane hita ce

Ƙannena masu shirin sayen akori-kura mai shan gas, wato dizal, da ku da oga ya miƙa wa mukulli kwanan nan, ku matso ku ji, don wallahi da na samu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min wannan da ban yi asarar da na yi ba.

Tsohuwar Hilux ce mai injin 5L, da ita nake ɗauko dankali daga Bokkos in sauke a Farin Gada. Duk damina lafiya lau, ana shiga Disamba hunturu ya sauko sai ta fara taurin kai da asuba, ka yi ta murza mukulli ba za ta kama ba, amma rana na fitowa taɓawa ɗaya ta tashi. Ni kuma ban tambayi kowa ba na ce ai batir ne, na je na sayo sabo. Kwana biyu ta ɗan yi sauƙi, ta koma gidan jiya. Sai na koma danne kik kusan minti guda ina salati, har ranar da na ji ƙauri, kik ya ƙone. Kar ku wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, ku sake shi ya huta tukuna.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na fetur. Wani a tasha ya ce in jiƙa tsumma in kara a inda injin ke shaƙar iska. Ta tashi kam, amma da wata ƙara kamar ana buga guduma a ciki. Fetur yana kamawa kafin lokaci, zai iya karya ring ko ya illata fistin, in kuma hita, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin injin kafin ya tashi, ta yi zafi wutar na iya dawowa ta fuskarka.

Wani dattijo mai rewaya ne ya cece ni, ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Yaro, wane irin hayaƙi take yi in kana kik?" Na ce Baba fari ne, mai warin ɗanyen gas. Ya ce to mai na zuwa, zafi ne babu. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur, iska yake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ya fesa mai ya kama, to a garin da ke kan tudu kusan mita 1,200 ƙarfe ya kwana cikin sanyi, shi zai shanye zafin, shi ya sa aka sa wa kowace silinda hitarta. Ya cire ƙarfen da ya haɗa su ya gwada su da na'urar awon wuta ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya tana nuna wajen om 1, biyu cikin huɗu sun mutu murus. Ga shi ni ko jiran fitilar hita ta gaban direba mai kamar murɗaɗɗiyar waya ba na yi ta mutu, kawai murzawa nake kamar Golf. Muka canza duka huɗun ya duba rile da fis, kuɗin bai kai na batirin ba. Ku kwance su a hankali injin na da ɗumi, in ɗaya ta karye a ciki tana iya sa a sauke kan injin.

Da a ce babu hayaƙi sam, to mai ne bai iso ba, sai ka danna ɗan famfon da ke saman filta, in ka ji shi laushi iska ta shiga layi man ya koma tanki cikin dare, ka kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filtar. In kuwa injin na juyawa da ƙyar kamar mai jin barci, nan ne ake zargin batir, cikakke yana nuna volt 12.6, ka kankare kansa in ya yi tsatsa, sannan baƙin mai mai kauri irin 20W-50 yana ƙara nauyi, ni 15W-40 na koma.

Labarin gas na daskarewa kuwa na su Kanada ne, sanyinmu bai kai can ba, kar wani ya sa ku zuba kananzir a tanki.

Har yau a gangare nake ajiye ta, sabo ne kawai. Tsohon batirin da na sayar a wulaƙance kuwa yana nan shagon maƙwabcina yana kunna masa fitila da fanka.