Godiya bayan zaman tunawa da David Lynch

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. A madadin 'yan'uwan da muka shirya zaman ranar Asabar, ina godiya ga duk wanda ya ajiye uzurinsa ya zo muka tattauna rayuwar David Lynch, daraktan fim kuma mai zane ɗan Amurka, wanda ya mutu a Janairun 2025, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 79.

Malam, kai za mu fara yi wa godiya, don bayaninka ne ya buɗe mana ido. Yawancinmu a darakta kawai muka san mutumin. Kai ka nuna mana cewa yaron da aka haifa a Missoula ta jihar Montana a 1946 zane ya je koyo a Philadelphia, kuma sha'awar ganin zanensa yana motsi ce ta sa ya haɗa ɗan gajeren fim na farko a 1967. Har ya bar duniya bai ajiye burushi ba. Da ka zo kan fim ɗinsa Eraserhead, wanda ya ci kusan shekara biyar kafin ya fito a 1977, kuɗi na yankewa shi kuma yana bi gida-gida da dare yana raba jarida, na ga matasanmu masu ɗaukar fim da waya sun gyara zama. Saboda su muka kira taron nan, kuma na yi murna da suka ji wannan da kunnensu.

Iyayenmu da suka zauna har ƙarshe, Allah ya ƙara girma. Ba kowane fim ɗinsa ne za a kalla a gabanku ba, shi ya sa muka zaɓi The Straight Story na 1999. Labari ne na gaskiya: wani dattijo mai shekara 73, Alvin Straight, ya hau injin yankan ciyawa daga Iowa zuwa Wisconsin a 1994, tafiyar mako shida, don ya ga ɗan'uwansa da shanyewar jiki ta kama. A fim ɗin, sun shekara goma ba sa ga maciji. Ba faɗa, ba tsere, sai hanya da gonakin masara da tsoho mai dogara sanda biyu. Amma ba wanda ya tashi. Baba, maganar da kuka yi kan zumunci bayan an kunna fitila ta taɓa mu ƙwarai.

'Yar'uwar da ta riƙa fassara mana zantukan da Hausa, sannu da ƙoƙari, muryarki har ta dushe. Wanda ya ara mana majigi da janareto, da mai kujeru da ya ƙi karɓar ko sisi, da Hajiya da ta aiko da zoɓo da kunun aya, Allah ya saka da alheri.

Masu suka ma na gode muku. Kun ce finafinansa irin su Mulholland Drive na rikita mai kallo, kuma haka ne, shi kansa ba ya yarda ya fassara su. Ni dai ina ganin wanda ya taso a kan zane yana da hujjar barin hoto ya yi magana.

Waɗanda suka nemi a koya musu zana fage kafin ɗauka, Malam ya amince, za mu sanar da rana. Allah ya bar zumunci.