Neman sawun Gambo Sawaba a Kaduna

Da sassafe na taso daga Kano a motar haya, da tambaya guda a raina: matan Arewa da suka shiga siyasa tun ba a ba su damar jefa ƙuri'a ba, ina aka rubuta labarinsu? Muka ratsa Kwangila ta Zariya, muka wuce Jaji da Mararrabar Jos, kafin azahar muna Kawo. A Tudun Wada na sauka, gidan gwaggona.

Washegari na nufi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Daga 1917 zuwa 1967 Kaduna ce hedikwatar Arewa, shi ya sa takardun larduna suka taru a nan, na Zazzau daban, na Kano daban, na ofishin sakataren lardunan Arewa daban. Wani dattijon ma'aikaci ya nuna mini yadda ake yi: ki duba kundin jerin fayiloli, ki rubuta lambar wanda kike so, a shiga a ɗauko miki. Fayil ɗin farko da aka kawo ɗaure yake da zare, takardun sun yi ja, gefensu na marmashewa. Ya ce, "Malama, a hankali, da tafin hannu ake juya su."

Abin da ya fi tsaya mini a rai jerin ne kansa. Haraji, sarauta, iyakar gunduma, rahoton shekara, shari'a. Razdan ne ya rubuta, ko Di'o, ko En'e, kuma abin da ya dami mulki suka rubuta. Mace ba ta cika shigowa takarda ba sai ta zama matsala ga hukuma. Don haka mai neman 'yan gwagwarmaya dole ya bi ta bakin waɗanda suka kama su, kamar mai neman labarin akuya a wajen kura.

Ga Hajiya Gambo, wadda aka haifa a 1933. An kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita kuma ta shiga tana 'yar shekara 17, har ta shugabanci reshen mata. Ta yi magana a kan auren wuri da ilimin 'ya'ya mata da ƙuri'a, aka kore ta daga Kano, aka yi ta ɗaure ta, har ana cewa sau 16. Ta je Abeokuta takanas ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, fitacciyar mai fafutukar 'yancin mata. Duk da haka a zaɓen 1959 matan Kudu suka yi zaɓe, na Arewa suna gida, sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa. Da kunnena na sha jin sunan banzan da 'yan adawa suke kiran matan NEPU da shi, kuma har yau raina na ɓaci, domin da wannan sunan ake korar mata daga siyasa har gobe.

Daga nan na hau Keke Napep zuwa Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna har zuwa Janairun 1966. A 1970 aka mai da shi cibiyar bincike, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Jam'iyyar mai gidan, NPC, ba ta yarda mata su yi zaɓe ba, amma a zamaninta ne, a 1963, aka kafa ƙungiyar Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda ta sa gaba wajen ilimi da taimakon mata, inda irin su Hajiya Laila Dogonyaro suka yi fice. A ganina duk wanda ya ba da labarin Gambo ya manta da waɗannan, rabin labari ya bayar.

Da daddare muna cin tuwo na kwashe wa Gwaggo abin da na gani. Ta ajiye cokalin miya ta ce, "'Yar nan, ai kin yi nisa. Ni a 1979 na fara jefa ƙuri'a, da goyo a bayana. Kuma Inna, Allah ya jiƙanta, ita ke dafa wa 'yan Sawaba abinci in za su yi taro, katin jam'iyya a lalitarta take ɓoye shi."

Ban taɓa jin wannan ba, kuma babu fayil ɗin da zai faɗa mini. Na kunna rikoda a waya, muka kai tsakar dare tana lissafo matan unguwarsu, wadda ke rera waƙa, wadda ke tara taro da sisi, wadda mijinta ya sake ta a kan jam'iyya. Ta ce akwai wata ƙawar Inna da ta rage a Sabon Garin Zariya, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau.

"Gwaggo, za ki raka ni?"

"In Allah ya kai mu, ki tashe ni da asuba."