Auren polima a tukunyar farin gam

Farin gam ɗin da kafinta ke shafa wa katako ba narkakken abu ba ne. Ƙananan ƙwayoyin polibinil asitet ne ke yawo a ruwa, kusan rabin nauyin gam ɗin su ne. Abin da ke hana su dunƙulewa wata polima ce (wato doguwar sarƙar sinadari) mai aure, irin auren da mai lambu ke yi wa mangwaro: gindi na wani, reshe na wani.

Ba sayo ta ake yi ba, a cikin tukunya ake samunta. Da farko a narkar da polibinil alkohol, wato PVOH, a ruwan zafi na digiri 85 zuwa 90, kimanin kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin monoma, wato binil asitet, sinadarin da ake sarƙawa ya zama polibinil asitet. A nemi mai lamba 88, wato wanda aka kwashe wa kashi 88 cikin ɗari na asitet ɗinsa, ba duka ba. Ragowar nan ce ke sa shi manne wa ƙwayar. Mai 98 ko 99 ya fi jure ruwa bayan gam ya bushe, amma riƙonsa a tukunya ba ƙarfi.

Sai a sauke zafi zuwa digiri 65 ko 70, don binil asitet na tafasa a wajen 72. A zuba ɗan sodiyam bikabonet, a sa fasalfet, sinadarin da ke tada sarƙuwar monoma, sannan a riƙa ɗiga monoma a hankali na awa uku zuwa huɗu.

Nan auren ke ɗauruwa. Radikal ɗin da fasalfet ya haifar, wato ɓarɓashin sinadari mai saurin cafke wani, yakan fizge haidurojin daga jikin PVOH, sai reshen polibinil asitet ya tsiro a gurbin. Reshen ya nutse cikin ƙwayar, gindin ya baje cikin ruwa kamar gashi. Ƙwaya biyu suka matso kusa, gashin ya ture su. Da yake ba cajin lantarki ke riƙe su ba, gishiri ko damawa mai ƙarfi ba su cika tsinka gam ɗin ba.

Inda ake yawan kwaɓawa shi ne garaje. Aka antaya fasalfet gaba ɗaya, aure ya yi yawa, gashi ɗaya ya kama ƙwaya biyu, sai ka ga gam ya yi kauri kamar tuwo, gudaji sun manne a jikin muciyar injin. Aka manta bikabonet kuma, ruwa ya yi tsami, monoma ta fashe ta ba da asitaldehaid, wanda ke gajarta sarƙar polima. Irin wannan gam ko ya bushe, haɗin kujera ba ya daɗewa.